Galileo Galilei: Masanin da ya raba jifa gida biyu

A ranar 8 ga watan Janairun shekarar 1642 ne wani dattijo makaho mai shekaru 77 da haihuwa ya rasu a ƙauyen Arcetri da ke bayan birnin Florence na ƙasar Italiya, bayan ya shafe fiye da shekaru takwas cikin ɗaurin talala.

Sunansa Galileo Galilei. Akasarin jama'a sun fi saninsa da madubin hangen nesa, da kuma shari'ar da Majami'ar Katolika ta yi masa saboda ya goyi bayan ra'ayin cewa duniya ce ke kewaya rana.

To amma a wurin masana kimiyyar fiziks, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ya bari shi ne amsar wata tambaya da ko yaro mai korar tsuntsaye da majajjawa yana iya yi: wace hanya dutse ke bi daga lokacin da ya bar hannu har ya faɗi ƙasa, kuma me ya sa yake bin ta?

Amsar da ya bayar ita ce ɗaliban sakandare a Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada a Kaduna, da takwarorinsu a ko'ina cikin Najeriya, ke bita kafin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB: a raba gudun abin da aka jefa gida biyu, na kwance da na tsaye, a lissafa kowanne shi kaɗai.

Ɗan makaɗi daga Pisa

An haifi Galileo a birnin Pisa ranar 15 ga watan Fabrairun shekarar 1564, kuma shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa, Vincenzo Galilei, makaɗi ne kuma masanin ƙa'idojin kiɗa, wanda kan rataya nauyi a tsirkiya domin ya auna yadda ɗaurinta ke sauya sautin da take fitarwa.

Masana tarihi da dama na ganin cewa daga nan ne Galileo ya ɗauki ɗabi'ar auna abu da hannunsa kafin ya amince da abin da littafi ya faɗa.

A shekarar 1581 mahaifinsa ya sa shi a Jami'ar Pisa domin ya karanta likitanci, sana'ar da ke kawo kuɗi. Sai dai hankalinsa ya karkata ga lissafi bayan ya haɗu da wani malami mai suna Ostilio Ricci, wanda ya buɗe masa ƙofar littattafan Euclid da Archimedes. A 1585 ya bar jami'ar ba tare da ya karɓi digiri ba.

Duk da haka, a 1589 aka ba shi kujerar koyar da lissafi a jami'ar da ya bari, da taimakon wani basarake masanin lissafi, Guidobaldo del Monte. A wannan zamani ne ake danganta masa labarin sako abubuwa masu nauyi daban-daban daga kan karkatacciyar hasumiyar Pisa, labarin da ya samo asali daga ɗalibinsa Vincenzo Viviani, kuma masana tarihi da yawa ke tababa a kansa.

Mahaifinsa ya rasu a 1591, nauyin gida ya dawo kansa. A Italiya ta wancan lokaci dangin amarya ne ke biyan maƙudan kuɗi ga ango, kwatankwacin kayan ɗaki da gara a ƙasar Hausa, kuma aurar da ƙannensa mata ya jefa shi cikin bashin da ya daɗe yana biya.

Neman ƙarin albashi na daga cikin dalilan da suka sa ya koma Jami'ar Padua a 1592, inda ya zauna shekaru 18.

Matsalar maharba igwa

Padua na ƙarƙashin Jamhuriyar Venice ne, wadda ke da babbar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da makamai. Galileo kan ziyarci wurin, yana kuma koyar da 'ya'yan manya dabarun gina ganuwa domin ya cike giɓin albashi. Wajen shekarar 1597 ya ƙera wata na'urar awo da lissafi ta sojoji, wadda yake sayarwa tare da koyar da yadda ake aiki da ita.

A lokacin, igwa ta riga ta sauya yaƙi a Turai, amma babu wanda ya san ainihin hanyar da harsashinta ke bi.

Jami'o'i na bin koyarwar Aristotle, masanin Girka da ya raba motsi iri biyu: na ɗabi'a, kamar faɗuwar dutse ƙasa, da na tilas, kamar jifa. Yawancin mabiyansa na ganin cewa motsin biyu abokan gaba ne, sai ɗaya ya raunana ɗayan ke samun iko.

Shi ya sa zane-zanen littattafan maharba na lokacin ke nuna harsashi yana tafiya a miƙe, sa'annan ya ɗan lanƙwasa, daga nan ya faɗo ƙasa a tsaye kamar guga cikin rijiya.

Wani masanin lissafi ɗan Italiya, Niccolò Tartaglia, ya bayyana a littafinsa na 1537 cewa igwa ta fi cin nisa idan aka ɗaga bakinta digiri 45. Ya yi daidai, amma bai iya kawo hujjar lissafi mai gamsarwa ba.

Abin da magabata suka shimfiɗa

Tun kafin Galileo akwai masanan da ba su gamsu da Aristotle ba. A ƙarni na 6, John Philoponus na birnin Iskandariya ya ƙi yarda cewa iska ce ke tura abin da aka jefa, yana mai ganin cewa mai jifa ne ke sanya wani ƙarfi cikin dutsen.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗaɗa wannan tunani a littafinsa Kitab al-Shifa. Ya kira abin da suna mail, wato karkata, kuma ya yi nuni da cewa ba ya ƙarewa da kansa, sai wani abu na waje kamar iska ya rage shi. A ƙarni na 14 Jean Buridan na Jami'ar Paris ya zo da ra'ayi makamancin wannan.

Shi kuwa Ibn al-Haytham, ɗan Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, lokacin da yake bayanin yadda haske ke dawowa daga madubi a littafinsa Kitab al-Manazir, ya kwatanta shi da ƙwallon da aka jefa a karkace ya bugi bango. Ya raba tafiyar ƙwallon gida biyu: ɓangaren da ke fuskantar bangon kai tsaye, da ɓangaren da ke tafiya a gefensa. An buga fassarar littafin cikin harshen Latin a birnin Basel a 1572, Galileo yana ɗan shekara takwas.

Ke nan dabarar raba motsi ta girme shi. Abin da ya rage shi ne a san ƙa'idar da kowane ɓangare ke bi idan dutse ne cikin iska, a kuma tabbatar da ita da awo.

Katako, ƙwallo da ruwa

Abu mai faɗuwa yana da saurin da ido ba ya iya bi, kuma babu agogon da ke auna daƙiƙa daidai a wancan zamani. Sai Galileo ya rage wa faɗuwar gudu. Ya sami dogon katako, ya fafe masa hanya a tsakiya, ya jingina shi ya yi gangara, yana sako ƙwallon tagulla daga sama.

Domin auna lokaci, ya yi amfani da babban mazubin ruwa mai ɗan bututu a ƙasa. Yakan tari ruwan da ya zuba yayin da ƙwallon ke gangarowa, ya ɗora shi a sikeli. Nauyin ruwan shi ne tsawon lokacin.

Ya zuwa shekarar 1604 ya gano ƙa'idar, ya kuma ambace ta a wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Paolo Sarpi. Idan ƙwallo ya yi tafiyar taku ɗaya a kashin lokaci na farko, to a ƙarshen kashi na biyu ya yi taku 4, a na uku taku 9, a na huɗu taku 16. Wato nisan faɗuwa na tafiya ne daidai da lokaci idan an ninka shi da kansa.

Wannan shi ne ɓangaren tsaye. Saura na kwance.

Ya lura cewa ƙwallo na ƙara gudu a gangara, yana rage gudu a hawa. Saboda haka a shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi, inda babu hawa babu gangara, babu dalilin da zai sa gudunsa ya ƙaru ko ya ragu.

Wajen shekarar 1608 ya haɗa biyun. Ya ɗora katakon a kan tebur yadda ƙwallon zai bar bakin tebur ɗin a kwance, ya sako shi daga tsayi daban-daban, ya auna inda yake sauka a ƙasa, ya kwatanta da abin da lissafinsa ya hango. Takardar da ya rubuta waɗannan alƙaluma tana nan a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Florence, kuma wani masanin tarihin kimiyya, Stillman Drake, shi ne ya ja hankalin duniya gare ta a shekarun 1970.

Sakamakon shi ne: motsin biyu na gudana lokaci guda, kuma babu wanda ke taɓa ɗan uwansa. Gudun kwance na nan yadda yake, faɗuwa kuma na ƙaruwa bisa ƙa'idarta. Idan aka haɗa su sai su zana wata lanƙwasa da masanan Girka, musamman Apollonius, suka daɗe da sani, mai suna farabola. Ita ce siffar da ruwa ke yi idan ya fito daga indararo da damina.

Daga nan ne wani abin mamaki ya fito. Idan mutum ya hau soro mai tsayin mita 5, ya saki dutse ɗaya, ya kuma wurga wani a kwance a daidai wannan lokaci, duka biyun za su taɓa ƙasa tare, bayan kimanin daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin jifar nisa kawai yake ƙarawa.

Yadda ake lissafin a yau

A ɗauka ɗan wasa a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna ya buga ƙwallo da gudun mita 20 cikin daƙiƙa, ta tashi a kusurwar digiri 30 daga ƙasa.

Ana zana gudun a matsayin dogon gefen alwatika mai kusurwar digiri 90. Gefen da ke kwance ana samunsa ta hanyar ninka 20 da kosain na kusurwar, abin da ke ba da kimanin mita 17.3 cikin daƙiƙa. Gefen da ke tsaye kuma ana ninka 20 da sain, a sami mita 10 cikin daƙiƙa.

Jan ƙasa na rage gudun tsaye da kimanin mita 10 a kowace daƙiƙa. Don haka ƙwallon za ta yi daƙiƙa ɗaya tana hawa, ta kai tsayin mita 5, ta yi wata daƙiƙar tana saukowa. A cikin waɗannan daƙiƙa biyu gudun kwance bai sauya ba, saboda haka za ta sauka a nisan kimanin mita 34.6, idan ba a sa tirjiyar iska cikin lissafin ba.

Idan aka ɗaga kusurwar zuwa digiri 60, alƙaluman biyu sai su yi musanya. Ƙwallon za ta kai tsayin mita 15, ta fi daɗewa a sama, amma ta sauka a wannan nisa dai na mita 34.6. A digiri 45, inda ɓangarorin biyu suke daidai, nisan zai kai mita 40, kuma babu kusurwar da ta fi wannan.

Galileo ya tabbatar da duka waɗannan: fifikon digiri 45, da daidaiton nisan kusurwoyi biyu da suka yi wa 45 tazara ɗaya daga sama da ƙasa. Da zane da gwada tsawon layuka ya yi nasa aikin. Rubutun haruffa da alamomi da ɗalibai ke amfani da shi yanzu ya zo ne bayansa. Ita kanta kalmar sain ta biyo ta hannun malaman Musulmi ne, waɗanda suka karɓo lissafin daga Indiya suka kira shi jaib, kafin a fassara shi zuwa Latin.

Daga jifa zuwa sararin sama

Bai wallafa wannan bincike a lokacin ba, domin a 1609 labarin madubin hangen nesa da aka ƙera a Holand ya iso masa. Ya ƙera nasa, ya inganta shi, ya juya shi sama.

Ya ga duwatsu da ramuka a jikin wata. A watan Janairun 1610 ya gano watanni huɗu na kewaya tauraron Mushtari, a watan Maris kuma ya wallafa littafin da ya sa sunansa ya game Turai. A wannan shekara ya koma Florence a matsayin masanin lissafi da falsafa na fadar Cosimo na Biyu, daga gidan sarautar Medici. Kafin ƙarshen shekarar ya ga cewa Zara, wadda Hausawa ke kira matar wata, na cika tana raguwa kamar wata, alamar cewa rana take kewayawa.

Waɗannan abubuwa sun ƙarfafa masa gwiwa kan ra'ayin Nicolaus Copernicus, wanda littafinsa na 1543 ya sanya rana a tsakiya.

Masu adawa na da wata hujja mai ƙarfi. Idan duniya na juyawa zuwa gabas, ai dutsen da aka sako daga hasumiya ya kamata ya faɗi can yamma, tun da ƙasa ta gudu ta bar shi. A bisa lissafin zamani, garin da ke inda Kaduna take na tafiya gabas da gudun fiye da kilomita 1,600 cikin sa'a guda, wato sama da mita 400 a kowace daƙiƙa.

Amsar Galileo ta fito ne daga binciken jifa. Dutsen na ɗauke da gudun kwance na hasumiyar tun yana hannu, kuma sakinsa ba ya raba shi da wannan gudu. Yana faɗuwa yana tafiya gabas tare da hasumiyar, sai ya sauka a gindinta.

Ya buga misali da dutsen da aka sako daga saman dogon itacen da ke tsakiyar jirgin ruwa mai tafiya. Fasinjan jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja na iya gwada haka: muddin jirgin na tafiya a miƙe da gudu ɗaya, makullin da ya saki a gaban ƙafarsa zai faɗi. A 1640 masanin Faransa Pierre Gassendi ya yi gwajin a kan jirgin ruwa kusa da Marseille, dutsen kuwa ya faɗi a gindin itacen.

Shari'a a birnin Rum

A 1616 hukumomin Majami'ar suka ayyana ra'ayin Copernicus a matsayin wanda ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, kuma Kadinal Robert Bellarmine ya gargaɗi Galileo da kada ya riƙe shi ko ya kare shi.

A 1623 wani tsohon masoyinsa, Maffeo Barberini, ya zama Fafaroma Urban na Takwas. Galileo ya ɗauka cewa dama ta samu, ya rubuta littafin muhawara kan tsarin duniya guda biyu, wanda ya fito a 1632 cikin harshen Italiyanci, yadda duk mai karatu zai fahimta.

Littafin ya fito fili ya fifita Copernicus. Bugu da ƙari, wata hujja da Fafaroman ke ji da ita ta fito ne daga bakin mutumin da ke shan kaye a muhawarar. Fafaroma ya fusata.

Aka kira Galileo gaban kotun binciken aƙida a Rum. Ranar 22 ga watan Yunin 1633, yana da shekaru 69, aka yanke masa hukunci, aka tilasta masa ya durƙusa ya janye ra'ayinsa, aka kuma haramta littafin. An sassauta ɗaurin zuwa na talala, da farko a gidan babban limamin Siena, daga baya a gidansa na Arcetri.

A watan Afrilun 1634 babbar 'yarsa Virginia ta rasu. Ta kasance mai zaman ibada a wani gidan mata da ke kusa, da sunan Maria Celeste, kuma wasiƙunta ne suka riƙa kwantar masa da hankali lokacin shari'ar. Rasuwarta ta girgiza shi ƙwarai.

Littafin ƙarshe

Da aka rufe masa ƙofar sararin sama, sai ya koma kan takardunsa na Padua da suka kwashe kusan shekaru 30 a ajiye. Tuni wani masanin lissafi, Bonaventura Cavalieri, ya riga shi buga maganar farabola a 1632, abin da ya ɓata masa rai, ko da yake daga baya sun daidaita.

An hana buga duk wani sabon rubutunsa a inda ikon kotun ya kai. Saboda haka aka fitar da rubutun daga Italiya zuwa birnin Leiden na Holand, inda maɗaba'ar gidan Elzevir ta buga shi a 1638. Littafin, wanda aka fi sani da Sababbin Ilmomi Biyu, ya ƙunshi bayanin ƙarfin kayan gini da kuma motsi. Kashinsa na huɗu kacokan a kan jifa yake, har da jadawalin nisa da tsayi na kusurwoyi daban-daban.

Kafin littafin ya iso hannunsa, idanunsa biyu sun riga sun rufe.

Galileo bai ɓoye iyakar lissafinsa ba. Ya bayyana cewa iska na rage gudun abin da aka jefa, kuma tasirinta ya fi yawa a kan harsashi mai tsananin sauri. Wannan ne ya sa maharba igwa suka ci gaba da dogaro da gwaji har tsawon lokaci. A yau ma, lissafin harbi da hafsoshi ke koyo a makarantun soja irin su NDA, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, da raba gudu gida biyu yake farawa, sa'annan a shigo da iska da sauran abubuwa.

A shekarunsa na ƙarshe Viviani ya zauna tare da shi yana yi masa rubutu da karatu, daga baya Evangelista Torricelli, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin nauyin iska, ya zo ya tarar da su watanni kaɗan kafin rasuwarsa.

Hukumomin Majami'ar ba su amince a yi masa kabari na alfarma ba, sai aka binne shi a wani ɗan ɗaki da ke gefen majami'ar Santa Croce a Florence. A 1737 ne aka mayar da ƙasusuwansa cikin babban zauren.

Isaac Newton, wanda aka haifa a Ingila ƙasa da shekara guda bayan rasuwar Galileo, ya ɗora a kan wannan harsashi a littafinsa na 1687. Ya kuma nuna cewa idan aka harba abu a kwance daga kan dutse mai tsayi da isasshen gudu, zai riƙa faɗuwa yayin da doron ƙasa ke lanƙwasawa a ƙarƙashinsa, har ya kewaye duniya. Bisa wannan ƙa'ida ce taurarin ɗan'adam na sadarwa da hasashen yanayi ke zagaya duniya.

An cire littafin muhawarar daga jerin haramtattun littattafai a bugun 1835. A ranar 31 ga watan Oktoban 1992 kuma, shekaru 350 bayan rasuwar Galileo, Fafaroma John Paul na Biyu ya amince a bainar jama'a cewa malaman addinin da suka hukunta shi sun yi kuskure.